Jan Ƙarfe a Cikin Jini: Ko Yana da Hannu a Gigin Tsufa?

Likitocin dabbobi suna da wani gargaɗi da ya kamata ya kai kunnen duk mai turkar ragon layya, daga Bagudo zuwa Ka'oje da Illo. Kada a riƙa ɗura wa tumaki abincin da aka haɗa domin kaji ko shanu, kada kuma a yawaita musu busasshen kashin kaji da wasu ke gaurayawa da dusa don rage tsadar kiwo. Dalilin shi ne jan ƙarfe. Akan ƙara shi a irin wannan abinci, hantar tumaki kuwa ba ta iya fitar da shi da sauri. Sai ya yi ta taruwa wata da watanni, rago yana ƙiba, mai shi yana lissafin riba. Ranar da dabbar ta sha wahala, ko da doguwar tafiya ce a bayan mota, hanta sai ta saki abin da ta tara cikin jini gaba ɗaya. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, cikin kwana ɗaya ko biyu rago ya faɗi.

Rashinsa ma ba alheri ba ne. Tunkiyar da ba ta samu isasshen jan ƙarfe ba lokacin da take da ciki takan haifi ɗa mai tangaɗi, ƙafafun baya ba sa ɗaukarsa, saboda laka da ƙwaƙwalwarsa ba su ginu daidai ba. Wannan ma'adini da ake yin wayar lantarki da munduwa da shi, ashe ƙwaƙwalwa ba ta yi sai da shi, kuma idan ya wuce kima ya zama dafi.

Haka abin yake ga ɗan Adam. Shi ya sa shekara ashirin da wani abu ke nan masana ke kai-komo a kan wata tambaya: ko jan ƙarfen da ke yawo a jinin mutum yana da hannu a cutar mantuwar da ke kama dattawa?

Cutar dai ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Tsohuwa ta tambayi jikarta ko an ci kasuwa, a ba ta amsa, kafin a juya ta sake tambaya. Ta zuba gishiri a miya sau biyu. Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta manta, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana limanci ya kasa riƙe adadin raka'o'in la'asar. Da yamma ta yi, ya naɗe tabarmarsa ya ce gida zai tafi, alhali a tsakar gidansa yake zaune. Mutanen gida su ce Baba ya rikice, gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wasu su ce sammu ne ko iska. Mafi muni shi ne inda ake jifan tsohuwa da maita don tana sambatu da dare ko tana kiran sunayen matattu. Wannan zalunci ne, domin abin da ke damunta ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon hanta ko na ƙoda. Tsufa shi kaɗai ba ya kawo shi; ga tsofaffi nan masu shekara casa'in da za su lissafo maka sarakunan Gwandu ba tuntuɓe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mafi yawansu nau'in Alzheimer ne ke damunsu, wanda aka sa wa sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayyana shi a 1906. Alƙaluman da suka fi dacewa da mutumin Bagudo sun fito ne daga gefuna biyu na iyakar Nijeriya da Benin. A Zariya, wani bincike da aka buga a 2011 ya duba dattawa 322, ya sami kashi 2.79 cikin 100 da cutar. A karkarar Jija da ke Jamhuriyar Benin, wani da aka buga a 2009 ya duba mutum 502 masu shekara 65 zuwa sama, ya sami kashi 2.6. A ƙasa baki ɗaya, wani ƙiyasi na 2019 ya nuna cewa masu cutar a Nijeriya sun tashi daga wajen 63,500 a 1995 zuwa wajen 318,000 a 2015. Mutane na ƙara tsawon rai, don haka adadin zai ci gaba da hawa.

To ina jan ƙarfe ya shigo? Duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce miligiram 50 zuwa 120 ba. Da shi ƙwayoyin jiki ke samar da kuzari, da shi ake gina rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, da shi kuma jiki ke sarrafa sinadarin da ke ƙara jini. Abin da babba ke buƙata a rana ƙasa da miligiram ɗaya ne, wato 0.9, kuma abincin yankin Bagudo bai gaza ba a nan: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, riɗi, gero da dawa duk suna da shi. Hanta ta fi kowa; giram 85 na soyayyar hantar sa na ɗauke da wajen miligiram 12.

Hantar mutum ce ke riƙe da ragamar al'amarin. Abin da hanji ya tsotsa yakan je wurinta, ta ɗaure wanda jiki ke buƙata a jikin wani furotin mai suna serulofilasmin ta tura shi cikin jini, ragowar kuma ta zubar ta ruwan matsarmama ya bi bayan gida. Mafi yawan jan ƙarfen da ke jini a ɗaure yake haka, ba ya ɓarna. Ɗan kaɗan ne ke yawo sako-sako, kuma shi ne ke iya kutsawa ƙwaƙwalwa. A kan wannan ɗan kaɗan ɗin duk muhawarar take.

An san abin da zai iya yi idan ya yi yawa, domin akwai cutar gado da ta nuna hakan ƙarara. A 1912 wani likita a Landan, Kinnier Wilson, ya bayyana wasu matasa da hantarsu ta lalace, hannu na karkarwa, magana na sarƙewa, hali ya canza. Daga baya aka gano hantarsu ce ba ta iya zubar da jan ƙarfe, sai ya taru har a ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma a ga zobensa a gefen baƙin ido. Cutar Wilson takan sami wajen mutum ɗaya cikin 30,000, kuma tana jin magani idan an gano ta da wuri. Tunda auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar irin wannan gado, matashin da ya haɗa shawara da karkarwa da sauyin hali ya cancanci likita ya duba shi da kyau kafin a ce aljanu ne.

Alzheimer kuwa wani abu ne daban. A ƙwaƙwalwar mai ita ana samun wani furotin mai suna amiloyid ya dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Masana sun lura cewa jan ƙarfe yana manne wa wannan furotin, kuma haɗuwarsu na iya haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin da ke kusa. Daga nan zargin ya samo tushe.

Zomaye ne suka fara ba shi ƙarfi. Wani masani a Amurka, Larry Sparks, ya lura cewa zomayen da yake ba abinci mai yawan kolestarol sun fi tara amiloyid idan ruwan famfo suke sha, a kan waɗanda ke shan tataccen ruwa. A 2003 shi da Bernard Schreurs suka buga sakamakon gwajin da suka ɗiga jan ƙarfe cikin tataccen ruwan, miligiram 0.12 kacal a lita, wajen kashi ɗaya cikin goma na iyakar da hukumomin Amurka suka yarda da ita. Cikin mako goma amiloyid ya ƙaru, zomayen kuma suka kasa koyon abin da 'yan'uwansu ke koya. A 2013 ayarin Rashid Deane na Jami'ar Rochester ya nuna a jikin ɓeraye cewa ɗan jan ƙarfe a ruwan sha yana raunana hanyar da ƙwaƙwalwa ke kwashe amiloyid ta zubar cikin jini.

A ɓangaren mutane, binciken da aka fi ambata shi ne na Martha Clare Morris a Shikago, wanda ya fito a 2006. An bi dattawa 3,718 har shekara shida. Cikin masu cin kitse da daskararren mai da yawa, waɗanda suka fi shigar da jan ƙarfe jikinsu tunaninsu ya fi saurin dushewa, kamar an ƙara musu shekara 19. Akwai abubuwa biyu da masu yaɗa wannan labari kan tsallake. Ba a ga wannan illa ga waɗanda ba sa cin kitse da yawa ba. Sannan yawancin masu jan ƙarfe da yawan daga ƙwayoyin bitamin suke samunsa, ba daga tukunya ba.

Maganar jini kuwa, wata masaniya ce a birnin Rum na Italiya, Rosanna Squitti, ta fi kowa bin diddiginta. A 2014 ayarinta ya ba da rahoton mutum 141 da mantuwa ta fara taɓawa sama-sama, waɗanda aka bi har shekara shida. Waɗanda jan ƙarfen sako-sako ya yi yawa a jininsu sun fi sauran haɗarin zarcewa zuwa Alzheimer da wajen ninki uku. A 2021 suka tattara bincike 56 suka auna wuri ɗaya, sai ga wani abin mamaki: a jinin masu cutar jan ƙarfe ya fi yawa, amma a cikin ƙwaƙwalwarsu ya fi ƙaranci.

Nan ne labarin ya daina tafiya a miƙe. A 2022 masana a Jami'ar Rush, ita ma a Shikago, suka auna ƙwaƙwalwar dattawa 657 da suka yi wasiyya a bincika bayan rasuwarsu. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi jan ƙarfe su ne tunaninsu ya fi daɗewa da ƙwari, kuma alamun Alzheimer sun fi ƙaranci a wurinsu. A Jami'ar Keele ta Ingila, ayarin Christopher Exley ya nuna a ɗakin gwaji a 2013 cewa jan ƙarfe na iya hana amiloyid dunƙulewa ma.

Da aka zo gwada magani, ɓangarorin biyu babu wanda ya yi nasara. A Jamus, a wani gwaji da aka buga a 2008, an raba masu Alzheimer 68 gida biyu, aka riƙa ba rabi miligiram 8 na jan ƙarfe kullum har shekara guda; tunaninsu bai gyaru ba, bai kuma fi na sauran lalacewa ba. A Ostireliya an ƙirƙiro wani magani, PBT2, da nufin raba jan ƙarfe da amiloyid. An sa masa rai sosai, amma a gwajin 2014 bai rage amiloyid fiye da ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Abin da mai adalci zai ɗauka daga wannan duka shi ne cewa a jikin wasu masu Alzheimer rabon jan ƙarfe ya karkace, ya yi yawa inda ba a so, ya yi kaɗan inda ake buƙata. Wannan ya tabbata a bincike da dama. Amma ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya jawo wanne. Mai yiwuwa cutar ce ke birkita rabon, ba rabon ne ke kawo cutar ba. Squitti kanta wani kaso na majinyata take nufi, ba duka ba.

Saboda haka idan wani ya ce a kawo kuɗi a auna jan ƙarfen jinin Inna don a san ko za ta rikice, a riƙe kuɗin. Gwajin da aka saba yi jimilla yake aunawa, wadda a lafiyayyen mutum take kaiwa wajen maikirogiram 70 zuwa 140 a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Wannan adadi yana hawa duk lokacin da jiki ke yaƙi da wata cuta, domin hanta na ƙara yin serulofilasmin. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ciwon da ya ruru, duk suna ɗaga shi. Ciki na iya ninka shi, ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna ɗaga shi. A garuruwan bakin Kwara, inda sauro ba ya hutu daga damina har kaka, sakamakon zai fi ba da labarin zazzaɓin makon jiya a kan makomar ƙwaƙwalwa. Shi kuma na sako-sakon, yawancin ɗakunan gwaji lissafa shi suke yi ta hanyar ɗebe wani adadi daga wani, lissafin da kan ba da amsa ƙasa da sifili wani lokaci. Babu wata hukumar likitoci da ta amince da wannan gwaji a matsayin hanyar gano Alzheimer. Amfaninsa na ga wanda ake zargin cutar Wilson ko ƙarancin jan ƙarfe.

Sai tambayar ta ina mutumin Bagudo zai ci karo da jan ƙarfen da ya wuce kima. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan ƙarfe. Da Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda a 1353, wurin da masana tarihi da yawa ke ganin shi ne Azelik a yankin Agadas, ya tarar ana narka shi ana yin sanduna da ake sayen nama da itace da gero da su, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Har ya lura cewa ruwan garin ya canza launi da ɗanɗano saboda yana bi ta ma'adinan. A yau kuwa gidajen Turai da Amurka ne ke shan ruwan da ya kwana a bututun jan ƙarfe. A Lolo ko Zagga ruwa daga rijiya, burtsatse ko kogi yake zuwa, ya zauna a randa ko jarkar roba, a dafa tuwo a tukunyar alminiyam. Ta wannan fuska haɗarin kaɗan ne.

Inda ya kamata a lura shi ne sababbin abubuwa. Akwai yayin kofuna da butocin jan ƙarfe da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan maganin cututtuka. Abu mai tsami, irin su kunun tsamiya, zoɓo da nono, yana narkar da ƙarfen idan ya jima a ciki. A Indiya, a shekarun 1980, an gano cewa wata cutar hanta da ta kashe ƙananan yara da yawa tana da alaƙa da dafa madara a tukwanen tagulla, kuma ta ja baya da aka sauya tukwanen. Akwai magungunan feshi masu shuɗi ko kore da manoman tumatir da albasa ke amfani da su kan ciwon ganye, waɗanda da jan ƙarfe ake haɗa su. Mazubinsu bai kamata ya koma na ruwan sha ba. Akwai kuma ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake saye a kasuwannin iyaka, wasu da rubutun Faransanci da mai saye ba ya iya karantawa. Iyakar abin da aka ce babba zai iya ɗauka kullum ba tare da illa ba miligiram 10 ne. A ɗaya gefen, yawan shan ƙwayar zinki na tsawon lokaci yana toshe shigar jan ƙarfe, ya kawo ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu. Munduwa da zobe ba abin damuwa ba ne, kuma bai kamata wannan magana ta sa kowa ya daina cin wake ko gyaɗa ba.

In ana batun ƙarfen da ke lalata ƙwaƙwalwa a wannan yanki, dalma ce ta fi cancanta a ji tsoro. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu, wasu da suka rayu suka tashi da naƙasar ƙwaƙwalwa. Ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri, matasa kuma suna zuwa ci-rani wuraren haƙa su dawo da ƙura a tufafinsu. Jiki ba ya buƙatar dalma ko ƙwayar zarra.

Game da mantuwa kuwa, akwai abubuwan da shaidarsu ta fi ta jan ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta wajen kashi 45 cikin 100 na cutar. Jan ƙarfe ba ya ciki. Hawan jini yana ciki, da ciwon suga, da yawan kolestarol, da taba, da raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, da buguwar kai, da kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta, da gurɓatacciyar iska. Duk wanda ya san hanyar Ka'oje zuwa Tsamiya ya san yawan masu babur da ba sa sa hular kwano. Wajen uku cikin kowane manya goma a Nijeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba, ga shi awonsa ba ya cin minti biyar a ƙaramin asibiti. Yanar ido aikin rabin sa'a ne a hannun likitan ido, amma tsoho sai ya shekara biyar a ɗaki a kanta, ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa majalisa.

Nijeriya ma ta ba da gudummawa a wannan ilimi. Daga 1992 Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Jami'ar Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Amurka, sun kwatanta dattawan Ibadan da baƙaƙen fatan Indiyanafolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna cutar na kama kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Ibadan a shekara, a can kuwa kashi 3.24. Ɗaya daga bambance-bambancen da suka fito fili shi ne mutanen Ibadan na lokacin sun fi ƙarancin hawan jini, suga da kolestarol.

Ga gidan da cutar ta riga ta shiga, matakin farko shi ne a kai dattijon asibiti, domin ba kowace rikicewa ce Alzheimer ba. Wadda ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko hawa da saukar suga, ko wani magani da bai karɓe shi ba, kuma takan wuce in an yi maganin sanadin. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa su ma suna kama da mantuwa, kuma suna jin magani. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai manyan asibitocin Birnin Kebbi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Alzheimer ba ta da maganin warkewa, amma akwai masu sassauta alamunta, kuma likita zai koya wa masu jinya yadda za su bi da majinyaci ba tare da gardama, ɗauri ko kulle ɗaki ba.

Akwai kuma wani tanadi da ya shafi mutanen iyaka musamman. Mai wannan cuta yakan fita ya kama hanya yana neman garin da aka haife shi, kuma a nan garin na iya kasancewa a hayin Segbana ko wajen Malanbil a Benin, ga kogi ga fadama a tsakani. Ya kamata a sanar da maƙwabta, masu kwale-kwale da 'yan acaɓan unguwa halin da yake ciki, a kuma ɗinka masa takarda a aljihun riga mai ɗauke da sunansa, garinsa da lambar wayar ɗansa, a rubuta da Hausa da Faransanci, lambar kuma a fara ta da +234 don wanda ya tsince shi a can ya iya kira.